Yadda Ake Tace Maganin Dafin Maciji Daga Jinin Doki

A ƙasar Funtuwa da Malumfashi, inda ake noman auduga da masara da dawa, saran maciji tsohon abokin gaba ne na manomi. A shekarun 1970, masana daga Liverpool ta Ingila, tare da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sun yi bincike a karkarar Malumfashi. Biyu daga cikinsu, Pugh da Theakston, sun nuna a 1980 cewa kumurci ne ya fi addabar mutanen yankin, yakan shiga gida da dare ya sari mai barci, dafinsa kuma ya ruɓar da nama. A kwarin Binuwai kuwa kububuwa ce ta fi kisa.

Maganin da asibiti yake bayarwa daga jinin dabba ake samo shi. Ana yi wa doki ko tunkiya allurar dafi kaɗan kaɗan har tsawon watanni, jikinsu kuma ya riƙa ƙera wasu ƙwayoyin garkuwa masu kama dafin su hana shi aiki. Daga nan sai a ɗebi jinin, a ware jajayen ƙwayoyi, a bar ruwan jini mai launin rawaya. A cikin wannan ruwa garkuwar take, amma a cakuɗe da tarin sinadarai na jikin dabbar waɗanda ba su da amfani ga majinyaci.

Sa'ad da Albert Calmette na Faransa ya fara wannan magani wajen 1895, ruwan jinin ake ɗura wa mutum yadda yake. Rayuka sun tsira, amma da yawa sun yi fama da borin jini da zazzaɓi da sarƙewar numfashi, domin jikin ɗan Adam yana ƙyamar baƙon abu. Don haka aka shiga neman hanyar tacewa, kamar yadda injin gurza na Funtuwa yake raba kaɗa da angurya.

Hanyar da ta fi kowacce tsabta ita ce wadda masana ke kira kuromatogirafi. Ana cika wani bututu da 'yan mitsi-mitsin ƙwallaye masu kama da tsakin gero, waɗanda akan yi da wani danƙo na ciyawar teku. Sai a zuba ruwan jinin daga sama ya riƙa tsiyaya a hankali. Wasu ƙwallayen suna ɗauke da cajin lantarki, suna riƙe abin da cajinsa ya saɓa da nasu. Wasu kuma an liƙa musu wani sinadari daga ƙwayar cuta, ko ma dafin macijin kansa, wanda ba ya kama kome sai garkuwa. Tarkace ya wuce, a wanke bututun, sa'an nan a zuba ruwa mai ɗan tsami ya saki garkuwar, a tare ta a kwalba. Wasu masana uku ne a Amurka suka bayyana wannan dabara ta ƙarshe a 1968.

To, amma abin da tsada. Shi ya sa wasu daga cikin magungunan da ake kawowa Afirka ake tace su da hanya mai araha, watau a zuba wani sinadari mai tsami wanda yake daskarar da tarkacen, ya bar garkuwa a narke. Haka ake yin EchiTAb-G daga jinin tumaki a Birtaniya, da EchiTAb-Plus daga jinin dawaki a Kosta Rika, dukansu da dafin macizan Nijeriya. An gwada su a kan mutum 400 a asibitin Kaltungo ta Jihar Gwambe, aka buga sakamakon a 2010. Na farkon na kububuwa ne kurum; na biyun ya haɗa da kasa da kumurci, watau shi ya fi dacewa da Malumfashi.

Tsada ba ƙaramin al'amari ba ne. A 2014 kamfanin Sanofi ya daina yin maganinsa na Afirka saboda rashin riba, kasuwa kuma ta cika da magungunan da aka yi da dafin macizan Indiya, waɗanda ba sa tasiri sosai a kan kububuwa. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi sakaci da su, a 2019 kuma ta ƙudura rage mace-macensa da rabi kafin 2030.

Saboda haka wajibi ne ma'aikacin da ke sayen magani ga asibitocin gwamnati ya bincika dafin da aka yi shi da shi, da yadda aka tace shi. Ɗaliban kimiyya kuma su sani cewa ranar da za a iya yin wannan tacewa a gida cikin rahusa, ranar ce manomin Funtuwa zai sami magani ba tare da ya sayar da shanun hudarsa ba.