Kwana biyu a Kaduna, daga ni sai maiɗakina

Ranar da na shaida wa mahaifiyata cewa ni da maiɗakina za mu je Kaduna mu kwana biyu, abin da ta fara tambayata shi ne, "Wa ya rasu?" Na ce babu kowa, Inna. Ta ce, "To, biki ake yi?" Na ce a'a. Ta yi jim, sannan ta sassauta murya ta ce, "Ko jikinta ne?" Tambayoyin nan uku sun tattara dalilan da Bahaushe ya yarda su fitar da miji da mata daga gida tare: gaisuwar mutuwa, da biki, da asibiti. Idan aka ƙara Hajji da Umra, lissafi ya cika.

Da yake harshe nake koyarwa, sai na koma ina laluben sunan da zan ba wannan tafiya. "Yawo" dai ba ta yiwuwa, domin kuwa kalma ce da ta yi mugun zama da maƙwabta: yawon banza, yawon duniya, yawon ta-zubar. A ce wa mace "mai yawo" kuwa zargi ne babba. "Ziyara" tana bukatar wanda za a ziyarta. "Hutu" na ɗalibai ne da ma'aikatan gwamnati. "Yawon buɗe ido" mun bar wa Turawa masu rataye da kyamara. Abin da ba shi da suna na mutunci, da wuya a nemi izninsa wurin iyaye, kuma ina zaton wannan na cikin abin da ya sa ba mu yin sa.

Abin da ya tayar da maganar shi ne, bayan shekara 17 da aure na lura hirarmu ta ƙare a kan cefane, da kuɗin makaranta, da wane yaro ne ke zazzaɓi. Ba faɗa muke yi ba. Amma mai karatu ya san gidajen da aure ya daɗe da mutuwa a cikinsu ba tare da an taɓa ɗaga murya ba, ana dai zaune saboda 'ya'ya. Wannan na ji wa tsoro.

Mun zaɓi Kaduna ne saboda kusa take, kilomita 80 ko kusa da haka daga Zariya, na Abuja kuma yana da jirgin ƙasa da ke sauke shi a Rigasa, wanda aka buɗe a 2016. Dalili na biyu ya fi wannan nauyi. Kaduna ba birnin ganuwa ba ne inda kowa ya san kakan kowa. Turawan mulkin mallaka ne suka kafa ta, suka maido hedikwatar Arewa cikinta daga Zungeru a 1917, tun daga nan ta zama garin baƙi. Mutum zai taka da matarsa a Unguwar Rimi ko Malali ba wanda zai tambaye shi ɗan wane gida ne.

Sai dai akwai tarko. Da wuya a sami ɗan Arewan da ba shi da ɗan'uwa a Kaduna, kuma da zarar ka sauka gidan dangi, tafiya ta tashi daga taku. Ita a ja ta cikin gida wurin mata, kai a zaunar da kai cikin maza ana siyasa, sai ranar komawa ku haɗu a mota. Saboda haka shawarata ta farko ita ce a kama masauki, a bar gaishe-gaishe sai ranar fita. Na san otal yana da baƙin suna a wurinmu, kuma ba a banza ba. A masaukin farko da muka leƙa, yaron da ke karɓar baƙi ya dube mu ya ce, "Kwana za a yi ko awoyi?" Hajiya ba ta ce uffan ba, ta juya ta koma mota. Laifina ne da ban shirya ba. Kamata ya yi tun daga gida in bugo waya in ce ni da iyalina ne, in tambayi wuta da ruwa, in sa wani amintacce ya leƙa wurin. Hanya kuma a bi ta da rana.

Mun shiga ranar Alhamis da la'asar, cikin hunturun Disambar 2023, muka fito Asabar. Na fifita haka a kan Asabar da Lahadi domin wasu wuraren ma'aikatu ne, a ranakun aiki ake samun wanda zai zagaya da baƙo.

Da safiyar Juma'a muka tafi Gidan Arewa da ke kan titin Rabah, wato harabar da Firimiyan Jihar Arewa, Sardauna Ahmadu Bello, ya zauna, inda kuma sojoji suka kashe shi ranar 15 ga Janairun 1966. Tun 1970 wurin ya zama cibiyar adana tarihi da bincike, wadda Farfesa Abdullahi Smith ya fara jagoranta, tana kuma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Na sha zuwa taro a wurin, ina shiga zaure in fita, ban taɓa tsayawa na kalli hotunan da idon baƙo ba. Muna cikin zagayawa na ambaci cewa uwargidansa Hafsatu ta rasu tare da shi a wannan dare. Hajiya ta tsaya cak ta ce, "Malam, ashe tare suka tafi?" Ta karanta tarihin Sardauna tun a firamare, amma sunan matar bai taɓa shiga kunnenta ba. Muka sami inuwa muka zauna, ta yi ta magana a kan iyayenta, da abin da take tsoro idan ɗayanmu ya riga ɗaya. Wajen sa'a guda muka yi, ba wanda ya ambaci kuɗin makaranta.

Daga nan muka leƙa gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke titin Ali Akilu, wanda aka buɗe a 1975 a tsohon ofishin jam'iyyar NPC, muka ga gumakan yumɓu na Nok. Zauren Lugard, inda majalisar dokokin jiha ke zama, daga waje muka hange shi. Otal ɗin Durbar da aka gina domin bikin FESTAC na 1977 kuwa labarinsa kawai na ba ta, tunda an rushe shi a 2020. Na yi Juma'a a Masallacin Sultan Bello da ke Unguwar Sarki, da yamma muka shiga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. A nan na riƙe jaka ina kallon matata tana cinikin atamfa, abin da ban taɓa gani ba, na kuma gane cewa shekara da shekaru ni ake cuta a kasuwa.

Asabar da hantsi muka je Gamji, lambun da ke bakin kogi mai ɗauke da sunan Janar Hassan Usman Katsina. A ciki akwai 'yar gadar ƙarfe ta masu ƙafa da aka fara kafawa a Zungeru a 1904, daga baya aka kwanto ta aka kawo nan. Ana cewa sunan garin daga "kadduna" ya fito, jam'in kada, ko da yake wasu na kai shi ga kalmar Gbagyi mai nufin kogi. Tun bayan rikicin shekara ta 2000 ruwan nan ya zama kamar iyaka, Musulmi suka fi yawa a arewacinsa, Kiristoci a kudu. Hajiya ta ce lokacin tana yarinya gwaggonta a Kakuri take zaune, can ƙetare, kuma ba wanda ya ga abin mamaki a ciki.

Batun kuɗi, a tara shi a hankali, kada a ci bashi. Yara a bar su hannun wanda hankalin uwarsu zai kwanta da shi, in ba haka ba jikinta ne kawai zai bi ka. Mai mata fiye da ɗaya kuma ya tuna cewa Manzon Allah (SAW) ƙuri'a yake yi tsakanin matansa idan zai yi tafiya. Ya tsara abin bi da bi, kowa ta san nata lokacin, kada neman sanyi ya jawo gobara.

A hanyar fita muka tsaya Kawo gaishe da kawuna. Da ya ji tun Alhamis muke garin, ya yi salati ya ce, "Otal? Da gidana a garin nan?" Na sunkuyar da kai na sha faɗa. Matarsa kuwa ta ja Hajiya ɗaki, sai a mota nake jin cewa sunan masaukin ta tambaye ta, da nawa ake biya a kwana.