Riƙon Juna Tsakanin Ƙwayoyin Abu: Daga Randa Zuwa Tukunyar Gas



Na san wasunku za su yi mamakin ganin malamin Hausa ya shiga gonar masana kimiyya. Hujjata ita ce, duk ilmin da mutum ba zai iya bayyana wa mahaifiyarsa da harshenta ba, bai gama zama nasa ba tukuna. Saboda haka sai ku biyo ni unguwar Gyaɗi-Gyaɗi da kasuwar Tarauni, mu dubi abubuwa uku da kowa ya sani: ƙanƙarar mai sayar da ruwan sanyi, da randar tsakar gida, da tukunyar gas ta girki.

Kowane abu a duniya an gina shi ne da ƙwayoyi ƙanana ƙwarai waɗanda ido ba ya gani. Waɗannan ƙwayoyi suna jan juna, kuma asalin wannan ja ƙarfin lantarki ne da ke jikinsu. A ɗaya gefen kuma akwai zafi, wanda ba kome ba ne illa motsin ƙwayoyin. To, kullum kokawa ake yi tsakanin ja da motsi. In ja ya yi rinjaye, kowace ƙwaya sai ta tsaya wurinta tana ɗan kakkarwa, abu ya zama sandararre. In aka yi kunnen doki, ƙwayoyin suna manne da juna amma suna zamewa, ga ruwa-ruwa ke nan. In kuwa motsi ya kā da ja, sai su watse kowace ta kama gabanta, su cika duk mazubin da aka sa su.

A nan sana'ata ta tilasta ni in ɗan ratse. Da yawa suna cewa "daskararre", amma daskarewa aikin abin da dā yake ruwa ne, kamar man shanu da hunturu. Bahaushe ba ya cewa dutse ya daskare. Don haka na fi son "sandararre". Hali na uku ya fi wuyar suna, gama "iska" tana nufin wadda ke kaɗawa, tana kuma nufin mutanen ɓoye. Kalmar gas ta riga ta zauna a bakin jama'a, sai mu karɓe ta.

Ƙarfin riƙon ya bambanta ƙwarai. Ƙwayoyin gishiri suna riƙe da juna gam, shi ya sa ba ya narkewa a wuta sai zafi ya kai digiri 801. Ƙanƙara kuwa a digiri 0 take sakewa. Iskar oksijin da ake ba marasa lafiya a asibitoci, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke nan kan titin Zariya, riƙonta ya yi rauni har ba ta zama ruwa sai sanyi ya kai digiri 183 ƙasa da sifiri. Wani masani mutumin Holan, Johannes van der Waals, shi ne ya nuna a cikin kundin digirinsa na 1873 cewa ko ƙwayoyin gas ma suna ɗan jan juna, aka kuma ba shi lambar Nobel a 1910.

Ruwa yana da wani hali na daban. Galibin abubuwa suna tsukewa in sun daskare, shi kuwa kumbura yake yi da kimanin kashi 9 cikin 100, domin ƙwayoyinsa suna jeruwa ne cikin wani tsari mai sarari a tsakani. Wannan ne ya sa ƙanƙara ke yawo a saman ruwa cikin kular mai sayar da zoɓo, ya kuma sa kwalbar da aka cika maƙil aka manta a firiji take fashewa.

Yanzu sai randa, wadda a ganina ta fi kome koyarwa. Kafin ƙwayar ruwa ta tsere ta zama tururi, dole ta ƙwace daga riƙon 'yan'uwanta, ƙwacewar nan kuwa tana cin zafi mai yawa. Ɗora kilo ɗaya na ruwa daga digiri 0 zuwa 100 yana cin kimanin kilojul 420, amma mai da shi tururi yana cin kimanin 2,260, watau fiye da ninki biyar. Jikin randa yana da ƙofofi ƙanana, ruwa yana tsattsafowa, iska tana kwashe shi, kowace ƙwaya da ta tafi kuma ta tafi da rabonta na zafi. Abin da ya rage a ciki sai ya yi sanyi. Daga nan za ku gane abin da ya sa randa ta fi aiki da bazara, lokacin da iska ta bushe, ta kuma yi sanyin jiki da damina. Za ku kuma gane kuskuren wanda ya shafe randarsa da fenti don ado: ya toshe mata numfashi ke nan. Marigayi Malam Muhammad Bah Abba, wanda ya yi koyarwa a Dutse, a kan wannan ilmi ya gina dabararsa ta tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, don kayan miya su yi kwanaki ba su ruɓe ba. An ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Sai tukunyar gas, inda maganar ta shafi rai. Ku girgiza tukunyar da aka cika, za ku ji abu yana motsi kamar ruwa. Ruwa ne kuwa. Gas ɗin girki gauraye ne na butan da furofan, masu raunin riƙo: in an bar su sake, butan yana tafasa kusa da digiri 0, furofan kuma a digiri 42 ƙasa da sifiri. Matsi ne ya tara ƙwayoyin kusa da juna har ɗan jan da suke da shi ya isa ya riƙe su. Da an buɗe makunni, sai su ɓalle, lita ɗaya ta ruwan ta zama lita fiye da 200 ta gas.

Saboda haka ne ƙa'ida ta ce kada a cika tukunya fiye da kimanin kashi 80 cikin 100. Sararin da aka bari na kumburar ruwan ne in ya ji zafi. Mai saye da ke matsa wa mai sayarwa ya ƙara masa "gyara", sa'an nan ya ɗaure tukunyar a bayan babur cikin ranar watan Afrilu, lokacin da zafin Kano kan haura digiri 40, wallahi bai san abin da ya goya ba. Haka kuma gas ɗin nan ya fi iskar ɗaki nauyi, butan ma kusan ninki biyu, don haka in ya tsiyaye ba ya tashi sama, kwanciya yake yi a ƙasa kamar ruwa a kwari. Warin da kuke ji ma ba nasa ba ne, da gangan aka zuba masa don hanci ya yi gargaɗi. Wadda ta ji wannan wari a madafa, kada ta ƙyasta ashana, kada ta taɓa makunnin lantarki. Ta rufe kan tukunyar, ta buɗe ƙofa har ƙasa, ba taga kaɗai ba, ta fitar da yara tsakar gida.