Makirufo da Kalangu: Yadda Za a Zaɓi Na'ura Mai Rangwame don Ɗaukar Kiɗa a Gida

Gabatarwa

Ƙasar Zamfara ƙasa ce ta makaɗa. A garin Rawayya ta ƙasar Bunguɗu aka haifi Salihu Jankiɗi, wanda ya zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi. Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya rasu a shekarar 1991, da Sa'idu Faru, duk da kiɗan kotso suka yi suna. Amma duk wanda ya saurari tsofaffin kasa-kasan irin waɗannan makaɗa zai lura cewa a da yawa daga cikinsu muryar mawaƙi ce ke fitowa, kiɗan kuwa sai ya dusashe ko ya cakuɗe da amshi, har a kasa rarrabe hannun wannan makaɗi da na wancan.

A yau matashi a Gusau ko Tsafe, da kwamfuta ƙarama a ɗakinsa, yana iya yin aikin da a can baya sai gidan rediyo. Buƙatar aikin kuwa ta ƙaru, domin mawaƙan zamani sun karkata ga kiɗan fiyano da kwamfuta, matsalar tsaro kuma ta raba mutane da dama da ƙauyukansu, inda ake koyon kiɗan gado. Abin da yakan tsayar da matashi shi ne zaton da yake yi cewa sai da makirufo mai tsada ake samun sauti mai kyau. Wannan maƙala za ta nuna cewa wanda ya fahimci kunne, da fatar ganga, da ɗakin da yake ciki, makirufo ɗaya mai rangwame ya ishe shi farawa.

Kunne ne makirufo na farko

Sauti motsi ne na iska. Idan makaɗi ya bugi fata sai ta riƙa kaɗawa gaba da baya, tana tura iskar da ke kusa da ita, wannan iska ta tura ta gabanta, har motsin ya iso kunne da gudun kimanin mita 343 a daƙiƙa ɗaya. Yawan kaɗawar da abu ke yi a daƙiƙa guda ana auna shi da ma'aunin haz. Kaɗawa kaɗan tana ba da sauti mai kauri irin na gangar noma, kaɗawa mai yawa kuma tana ba da siririn sauti irin na sarewa. Kunnen yaro mai lafiya yana jin sauti daga haz 20 zuwa haz 20,000.

A ƙarshen ramin kunne akwai wata siririyar fata, faɗinta kimanin santimita ɗaya, wato dodon kunne. Idan sauti ya kaɗa ta, wasu ƙasusuwa uku, waɗanda su ne mafiya ƙanƙanta a jikin ɗan Adam, sai su miƙa motsin zuwa wani sashe mai siffar katantanwa da ke cike da ruwa. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi kimanin 15,000, su ne ke juya motsin ya koma saƙon lantarki, jijiya ta kai shi ƙwaƙwalwa.

Haka makirufo yake aiki: yana da ɗan faifai siriri da sauti ke kaɗawa, da kuma hanyar juya kaɗawar ta zama lantarki. Sai dai shi ba ƙwaƙwalwa a bayansa. Mutum yana iya zama a kasuwar Gusau ya saurari abokinsa ya manta da hayaniya, domin ƙwaƙwalwa tana tace abin da kunne ya kawo mata. Makirufo kuwa duk abin da ya iso shi ɗauka yake yi, da kiɗan da kukan akuya da ƙarar babur.

Halin fatar ganga

Mafi yawan abin da ke cikin busasshiyar fatar akuya wani furotin ne mai kama da zare, ana kiran sa kolajin. Wannan furotin yana shan danshi. Shi ya sa da damina fata ke saki, amon kalangu ya yi ƙasa, har makaɗi ya shanya shi a rana ko ya kusanta shi da wuta. Da hunturu kuwa fatar takan ɗame, amo ya tashi. Don haka kiɗan da ake son haɗawa wuri ɗaya ya kamata a ɗauke shi a zama guda, domin ba lalle ne na safe da na yamma su daidaita ba.

Kayan kiɗanmu kuma ba halinsu ɗaya ba. Kalangu fuska biyu gare shi, idan makaɗi ya matse tsarkiyarsa a hammata sai fata ta ƙara ɗamewa, amo ya hau, ya saki ya sauko. Da haka ne yake kwaikwayon hawa da saukar muryar Bahaushe, har a ce kalangu yana magana. Kotso fuska ɗaya gare shi, ƙasansa a buɗe yake, da hannu ake kaɗa shi. Taushi ma da hannu ake kaɗa shi, amma ƙasansa a rufe yake kamar akushi. Abin da ya haɗa su duka shi ne kowane bugu yana farawa da kaifi da ƙarfi farat ɗaya, sannan amon ya biyo baya. Makirufon da zai dace da su dole ya jure wannan ƙarfi ba tare da sautin ya fashe ba.

Iri biyu da ake samu a kasuwa

Na farko shi ne dainamik. Tushensa binciken da Michael Faraday ya yi a Ingila a 1831, inda ya gano cewa idan waya ta motsa a kusa da maganaɗisu ana samun lantarki a cikinta. A cikin dainamik an liƙa wa faifan naɗaɗɗiyar waya da ke zaune a tsakiyar maganaɗisu. Ba ya buƙatar batir ko wutar waje, yana jure faɗuwa da ƙura, kuma da wuya ƙarfin ganga ya fi ƙarfinsa. Rauninsa shi ne nauyin wayar yana sa ya rasa wani abu daga siraran sautuka.

Na biyu shi ne kwandansa, wanda E. C. Wente ya ƙirƙiro a Amurka a 1916. Faifansa ba shi da nauyi, yana tsaye dab da wani farantin ƙarfe, canjin tazarar da ke tsakaninsu ne ke haifar da saƙon. Yana kama sauti dalla-dalla, har da gogar yatsa a kan fata. Amma irin na situdiyo yana buƙatar wuta ta musamman mai ƙarfin bolt 48, danshi da ƙura suna cutar da shi, kuma da yake akan ajiye shi da ɗan nisa, yakan kwaso amon ɗaki da hayaniyar waje. Akwai ƙaninsa, ilaktaret, wanda Gerhard Sessler da James West suka samar a 1962. Irinsa ake sa wa ƙananan rikodoji da makirufon maƙalawa a riga.

Wayar hannu kuwa, duk da sauƙinta, ta dace da magana ne fiye da kiɗa. Sau da yawa takan rage ƙarfin sauti da kanta idan ta ji bugu, ta ƙara idan an yi shiru, sai kiɗan ya fito yana numfashi sama-sama.

Wanne za a saya?

Ga mai farawa a ɗakin gida, dainamik ɗaya ne abin saye na farko, kuma a nemi irin da ke jin gabansa yana ƙyale bayansa. A jikin kwalinsa akan ga zane mai kama da zuciya. Sanannen misali shi ne Shure SM57, wanda ya fito a 1965, kuma har yau manyan situdiyo na duniya suna ɗaukar ganga da shi, alhali ya daɗe ana sayar da shi a kan dala 100 ko kusa da haka. Ɗan'uwansa SM58, na 1966, an yi shi ne don murya, amma yana ɗaukar kalangu lafiya lau. Wanda bai da ƙarfin waɗannan yana iya duba Behringer XM8500, wanda kuɗinsa bai kai rabin nasu ba.

Tsakanin makirufo da kwamfuta ana buƙatar ɗan akwatin da ke ƙarfafa saƙo ya mayar da shi lambobin da kwamfuta ke ganewa. Mai kafa ɗaya ya isa farawa, mai kafa biyu ya fi amfani nan gaba. Akwai kuma irin Samson Q2U, wanda ake iya haɗa shi da kwamfuta kai tsaye ta USB. Manhajar ɗauka, kamar Audacity, kyauta ce.

Masu iya magana kan ce araha ba ta ado. Sunan Shure ya sa jabunsa sun yi yawa a kasuwannin duniya. Nauyin SM57 na ainihi giram 284 ne, kuma wanda aka ce sabo ne amma kuɗinsa ya yi ƙasa ƙwarai da na sauran shaguna abin tuhuma ne. A gwada kafin a biya. Haka kuma kada a yi rowa wajen sayen waya. Waya mai ƙafa uku, wadda ake kira XLR, an tsara ta yadda ƙugin da ta kwaso a hanya zai soke kansa da kansa.

Ɗaki ma kayan aiki ne

Ɗakin siminti mai rufin kwano, wanda ba komai a cikinsa, yana mayar da sauti daga bango zuwa bango. Ɗalibai suna iya lissafa sautin da ɗaki zai kumbura: a raba 343 da ninkin tsawon ɗakin. Ɗaki mai tsawon mita 4 zai ba da kimanin haz 43, sai kuma 86 da 129, kuma a wannan yanki ne kaurin amon manyan ganguna yake. Maganin amsa-kuwwa yana cikin gida: a jingina katifu a kusurwoyi, a rataya barguna da ɗan rata tsakaninsu da bango, a shimfiɗa darduma. Kwalin ƙwai da wasu ke liƙawa a bango amfaninsa kaɗan ne, domin bai da kaurin da zai shanye sauti. Soron ƙasa mai kaurin bango ya fi rufin kwano tare hayaniyar waje.

Tsafe tana kan hanyar Gusau zuwa Funtuwa, Bunguɗu kuma kan hanyar Sakkwato, saboda haka wanda gidansa ke bakin titi sai ya zaɓi lokacin da manyan motoci suka lafa. Wutar lantarkin Nijeriya tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma takan shiga na'ura a matsayin ƙugi. Hanya mafi sauƙi ita ce a cika batirin kwamfuta, a zare ta daga bango, a kashe janareta da fanka kafin a fara.

Inda za a kafa makirufo

Duk lokacin da aka ninka tazara tsakanin ganga da makirufo a fili, ƙarfin sautin yana raguwa da desibel 6, wato ma'aunin ƙarfin sauti. Don haka matso da makirufo yana sa kiɗan ya rinjayi amon ɗaki. Ga kalangu a fara da tazarar kamar santimita 30 daga fuskar da ake bugu, inda makaɗi ba zai doke shi ba. Ga kotso da taushi a fuskantar da shi ga fata daga gefe, don kada hannu ya tare. Babbar ganga a ɗan ƙara mata nisa. Daga nan a riƙa gusawa kaɗan-kaɗan ana saurare, domin gusawar taƙi ɗaya tana iya canza sauti ƙwarai.

Idan an samu makirufo biyu sai a kula. Sautin haz 343 tsawon zangonsa mita ɗaya ne. Idan makirufo na biyu ya fi na farko nisa da rabin mita, wannan sauti zai iso shi yana sauka a daidai lokacin da yake hawa a na farko, in aka haɗa su sai su rage juna. Shi ya sa masu sana'ar ke bin ƙa'idar uku bisa ɗaya: tazarar da ke tsakanin makirufo biyu ta ninka tazarar kowannensu da gangarsa sau uku. Kafin a fara ɗauka kuma a sa makaɗi ya yi bugu mafi ƙarfi, a rage maɓallin ƙarfi har jar fitila ta daina kamawa, domin sautin da ya fashe ba ya gyaruwa.

A kula da kunne

Ƙwayoyin nan masu gashi da ke cikin kunne, idan ƙara ta kashe su ba sa sake tsirowa a jikin mutum, ko da yake na tsuntsaye suna tsirowa. Ƙa'idar da masana lafiyar ma'aikata a Amurka suka bayar ita ce awa 8 a ƙarar desibel 85, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. A desibel 100 lokacin bai wuce minti 15 ba, kuma ganguna da yawa a ƙaramin ɗaki suna iya kai wannan matsayi. Wanda ya fito ya ji kunnensa yana ƙara kamar kukan gyare, gargaɗi ne. A sa abin toshe kunne, a riƙa hutawa, kada kuma a ƙure ƙarar abin saurare.

Gwaji don aji

Malami yana iya ɗaure balan-balan a bakin gwangwani, ya barbaɗa ƙwayoyin gero a kai, a buga kalangu kusa da shi. Ɗalibai za su ga geron yana tsalle ba tare da an taɓa shi ba, kamar yadda dodon kunne da faifan makirufo ke yi. Haka kuma idan aka haɗa lasifikar tsohuwar rediyo da mashigar makirufo ta amfilifaya aka yi magana a cikinta, za a ji murya ta fito, domin lasifika da dainamik gini ɗaya ne, aikin ne kawai aka juya.

Kammalawa

Dainamik ɗaya na ainihi, da waya mai kyau, da ɗakin da aka tausasa da katifa da bargo, sun ishi ƙungiyar kimiyya ta kowace makarantar sakandare a Gusau, Tsafe ko Bunguɗu ta fara adana kiɗan garinta. A nemi izinin makaɗi, a ba shi haƙƙinsa da kwafin abin da aka ɗauka. A rubuta sunansa, da sunan abin kiɗan, da wanda ya koya masa, da wuri da kwanan wata, sannan a ajiye kwafi a wurare biyu. Mai bincike da zai zo bayan shekara 50 zai buƙaci waɗannan bayanai kamar yadda zai buƙaci sautin kansa.