Saƙa da tsinke: sana'ar da ake tsufa da ita

Ƴan uwa manoma da makiyaya, idan hatsi ya shiga rumbu, aikin gona ya ƙare sai wata damina. Daga nan hunturu ke sauka. A watannin Disamba da Janairu ɗari yana tsanani, tun daga Tawa har Damagaram. Ga hannu ba aiki, ga yara cikin sanyi. Akwai sana'a guda da ke maganin abubuwan nan biyu: saƙa da tsinke.

Saƙar nan ba ta masaƙi ba ce. Ba ta bukatar rumfa ko ƙoshiya. Kayan aikinta zare ne da tsinke biyu, ko kuwa kwarashi guda mai lanƙwasa a baki. Wanda bai da kuɗin tsinke yana iya feƙe icce mai santsi, ko ya goge wayar ƙafar keke.

Zare fa? Tumakinmu, uda da balami, ba su ba da ulu. Cikin masu ulu akwai irin da ake kira kundum, a bakin kogin Kwara, wajen Tilaberi. Amma muna da kaɗa, kuma tsofaffinmu sun iya kaɗi da mazari. Akwai zaren ulu a kasuwa. Ana kuma iya warware tsohuwar rigar sanyi ta gwanjo, a wanke zaren, a shanya, a dunƙule shi.

Amfani na farko na jarirai ne. Kan jariri babba ne bisa ga jikinsa, kuma zafin jiki yana saurin fita ta nan. Hukumar lafiya ta duniya ta ce zafin jikin jariri ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 36,5 da 37,5. In ya sauka ƙasa da haka, akwai haɗari, balle ga bakwaini. Dunƙulen zare mai giram 50 ya isa hular jariri guda. A sa masa hula da safa, uwa ta rungume shi a ƙirjinta, fata da fata. In rana ta yi zafi, a cire hular.

Amfani na biyu, sana'a ce da ake tsufa da ita. Yarinya ƴar shekara 8 tana iya koyo. Ranar da ƙarfin daka da ɗaukar ruwa ya ƙare, saƙa tana nan, don a zaune ake yin ta. Kuskure kuma ba ya jawo hasara: a warware, a sake, zaren bai ɓaci ba.

Wasu na cewa aikin mata ne. Ku ji labarin wasu ƙasashe. A ƙasar Peru akwai tsibirin Takile, cikin tafkin Titikaka. Can maza ne ke saƙa huluna, tun suna yara suke koyo, kuma a shekara ta 2005 hukumar UNESCO ta girmama aikin zare na mutanen tsibirin. A yankin Land na Faransa, a ƙarni na 19, makiyaya suna saƙa suna tsaron tumaki. Mafi tsufa cikin safunan da aka samu na irin wannan saƙa, a Masar aka tono su, na kaɗa ne, sun kai wajen shekara 800 ko fi. Ashe makiyayin da ke zaune gindin adua, dabbobi na kiwo, ba abin da zai hana shi riƙe tsinke.

Amfani na uku, zumunci. Saƙa ba ta hana hira. Mata biyar ko shida sai su taru bayan azahar a gida guda. Wadda ta iya ta nuna wa wadda ba ta iya ba. Su yi adashi su sayi zare da yawa, ya fi sauƙin kuɗi. Guda ta riƙe littafi, ta rubuta zaren da aka saya, hulunan da aka saƙa, da kuɗin da ya shigo ranar kasuwa. Tsohuwar da ke wuni ita kaɗai ta samu abokan zama, amarya baƙuwa ta san mutanen gari.

Gaskiya ita ce, saƙa ba ta sa mutum ya yi arziki dare ɗaya. Aiki ne na haƙuri, kuma kasuwarta ta fi ci lokacin ɗari. Don haka a fara tun kaka, kaya su kammala kafin sanyi. Ribar ko kaɗan ce, tana sayen sabulu da gishiri, ta hana a taɓa rumbu.

To, ƴan uwa, ku nemi wadda ta iya cikin garinku, ku roƙe ta ta koya muku. Ku fara da hula ƙarama. Bana kada jaririn da aka haifa a garinku ya kwana kai buɗe.