Kafin kwamfuta ta faɗa maka ƙarfin sauti, sai ka faɗa mata lokaci

Ka ɗauka an ba ka hira ta awa guda ka tace, ga kiɗa yana tafiya a ƙarƙashinta. Duk inda mai magana ya buɗe baki ana so kiɗan ya yi ƙasa, in ya yi shiru kiɗan ya dawo. Idan da hannu za ka bi, rana za ta faɗi ba ka kai rabi ba. Shi ya sa masu tace bidiyo ke rubuta ɗan gajeren umarni, wato sikirif, su bar wa kwamfuta wahalar. Sai dai akwai ramin da sabon shiga ke yawan faɗawa: ya tambayi manhaja ƙarfin sautin, ta miƙo masa lamba ɗaya tak, alhali yana ji da kunnensa sautin na hawa da sauka.

Manhajar ba ƙarya ta yi ba. Idan ka sa ƙarfin sauti ya riƙa canzawa, ba ta ajiye lamba ga kowane firem. 'Yan turaku kawai take kafawa: a daƙiƙa ta 2 ƙarfin 1 ne, a daƙiƙa ta 4 ya sauka zuwa 0.2. Tsakanin turakun sai ta ja igiya, ko miƙaƙƙiya ko mai lanƙwasa. In miƙaƙƙiya ce, a daƙiƙa ta 3 ƙarfin zai zama 0.6. Amma fa wannan 0.6 ɗin ba a rubuce yake ko'ina ba, sai an tambaya ake lissafo shi. In ba ka ambaci lokaci ba, ƙimar inda ka tsayar da bidiyon kawai za a ba ka.

To, yaya ake tambayar? A Blender, wadda ake sarrafawa da harshen Python, sai ka nemo igiyar da ke riƙe da ƙarfin sautin, ka kira umarnin evaluate, ka ba shi lambar firem. A After Effects kuwa, inda ake rubutu da JavaScript, umarnin shi ne valueAtTime, shi kuma daƙiƙa yake karɓa. Kula da wannan bambancin. A bidiyo mai firem 25 a daƙiƙa, daƙiƙa ta 3 ita ce firem na 75 idan daga sifili ka fara ƙirga. Ka miƙa wa After Effects 75, sai ta tafi minti 1 da daƙiƙa 15 ta ɗauko maka abin da ba ka aike ta ba.

Ma'aunin ma ya bambanta. A Blender, 1 na nufin sauti yadda ya zo, 0 kuma shiru. After Effects da desibel take aunawa: 0 a wurinta na nufin ba a taɓa sautin ba, ragin desibel 6 kuma yana mayar da tsayin igiyar sautin kusan rabi. Ka ga sifili ɗaya, ma'ana biyu.

Saura babban rami. Duk abin da muka karanto zuwa yanzu matsayin maɓallin ƙara murya ne, ba muryar kanta ba. Kamar rediyo ne: ganin inda ka murɗa maɓallin ba zai gaya maka ko mai gabatarwa yana magana ko ya yi shiru ba. Don sanin wannan, dole a auna sautin kansa. Sautin bidiyo yawanci ana ɗaukarsa sau 48,000 a daƙiƙa, wato awo 1,920 a kowane firem ɗaya na misalinmu. Dole a dunƙule su su zama lamba guda. After Effects na da umarni mai suna Convert Audio to Keyframes da ke yin haka, ya kafa turaku na kunnen hagu, na dama, da na duka biyun a haɗe. Blender ma tana da hanyar mayar da sauti ya zama igiya.

Daga nan aikin ya yi sauƙi: duk inda lambar murya ta haura wani mataki, sikirif ya rage kiɗa. Abu biyu kawai za ka riƙe. Na farko, lambobin suna tsalle sosai, domin ko tsakanin kalma da kalma murya kan faɗi. In ba ka ɗauki matsakaicin 'yan firem a jere ba, kiɗan zai yi ta shessheƙa. Na biyu, turakun nan hoton sautin ne a lokacin da ka auna. Ka yanke hirar ko ka matsar da ita daga baya, ba za su bi ta ba, sai ka sake aunawa.

Kafin ka saki sikirif a kan awa guda, gwada shi a daƙiƙa 10. Sa ya rubuto maka lambobin, ka sa abin kunne ka saurara. In lamba ta ce shiru kunnenka kuma yana jin magana, koma ka duba lokacin da ma'aunin tukuna.