Wane Dodo Ne Zai Gagari 'Yan Majalisarku?

In kai ɗan Gyadi-Gyadi ne ko Tarauni, ka san majalisa ba ta rasa lido da karta. To akwai wani wasan tebur, Dungeons & Dragons, da ya fito a Amurka a 1974: mutum ɗaya ke jan labari, sauran su zama jarumai, ɗan lido mai fuska 20 ya raba gardama. Cikin manyan dodanninsa akwai Tarrasque, aro daga almarar garin Taraskon na Faransa. Ƙato ne, iyakarsa ke nan. A yi ta dukansa har ya faɗi.

Ni dai na fi tsoron Sarki, macijin rijiyar Kusugu ta Daura. Ruwa kawai ya tare, ba a ɗiba sai ranar Juma'a. Tuna yadda unguwarku take in 'yan garuwa suka ɓace kwana biyu, sannan ka saka shi a wasanku. Kwana shida jarumai na rabon ruwa kofi-kofi, wasu 'yan gari ma su hana a taɓa shi, gudun kada Juma'ar ma ta kuɓuce musu. Takobi ɗaya ya ishe shi, irin na Bayajidda. Amma wa zai fara leƙa rijiyar cikin dare?