Maganin Mafitsara Ga Mai Raunin Laka: Don Me Ba A Dainawa?

Mafitsara jaka ce ta tsoka. Sa'ad da ta cika, saƙo yakan bi ta lakar gadon baya zuwa ƙwaƙwalwa, ita kuwa ta ce a dakata sai an sami wuri. In laka ta sami rauni, ko ta hatsarin mota, ko faɗowa daga itace, ko an haifi yaro da tsagewar ƙashin baya, sai wannan saƙo ya yanke. Mafitsara ta riƙa matsewa ita kaɗai, fitsari ya zubo ba shiri.

Jiƙewar tufafi kowa yake gani, amma babbar illa tana ɓoye. Mafitsarar da ke matsewa da ƙarfi takan mai da fitsari sama zuwa ƙoda, ƙodar ta lalace sannu a hankali, sau da yawa ba tare da zafi ba. Saboda haka likita yake ba da magani na shekara da shekaru.

Wanda aka fi sani shi ne oxybutynin, da aka soma amfani da shi a Amurka a 1975. Aikinsa ya kwantar da tsokar. Yakan kawo bushewar baki, taurin bayan gida da dishi-dishin ido, tsofaffi kuma yakan rikita musu tunani. Yana rage gumi kuma, abin lura ne ƙwarai a bazara, gama jiki ba zai iya huce kansa sosai ba. Ɗalibi mai shansa kada a sa shi noma ko gudu da tsakar rana. Mirabegron, na 2012, bai cika busar da baki ba, amma yana iya ɗaga jini. In ƙwayoyi sun kāsa, akan yi allurar Botox cikin mafitsarar, a maimaita bayan wata tara ko makamancin haka. Da yawa sukan haɗa magani da zurar da fitsari ta siririyar roba mai tsabta, wajen sau huɗu zuwa shida a rana.

Maganin ba ya gyara jijiyar da ta lalace. Wanda ya ga wandonsa ya bushe ya ajiye ƙwaya, ba da daɗewa ba matsewar za ta dawo. A ganina, ’yan'uwa cikin ikilisiya da ke ce wa majinyaci ya zubar da magani don nuna bangaskiya, ƙodarsa suke jefawa cikin hatsari. In maganin ya dame shi, ya koma wurin likita a rage ko a canza, a kuma riƙa duba ƙodar a kai a kai.